Ba kuɗi kaɗai ke korar ma'aikaci ba: Darasi daga kamfanonin shinkafar ƙasar Haɗeja

A ƙarshen kakar bara na je gida Haɗeja ta'aziyyar wani dattijo, aminin mahaifina. Bayan an shafa fatiha, ina laluben takalmina a ƙofar zaure, sai wani matashi ya durƙusa ya gaishe ni. Na ɗan jima kafin in gane shi, domin ya rame ya yi duhu. Tsohon ɗalibina ne, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan da har yau nake tuna rubutun hannunsu. Ya kammala digirinsa da sakamako mai kyau, kuma ni da kaina na rubuta masa takardar shaida lokacin da wani kamfanin sarrafa shinkafa na wannan yanki namu ya ɗauke shi aiki. Na tambaye shi yaya aiki, sai ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ai na ajiye. Yanzu ina taya yayana sayar da busasshen kifi a kasuwa."

Na ɗauka albashi ne aka riƙe masa. Ya ce a'a, ana biya, ko da yake wani watan sai ya raba tsakiya kafin a ga kuɗin wancan. Muka koma gindin wata darbejiya ya warware mini zare da abawa.

Aikinsa shi ne karɓar shinkafa shanshera a bakin sito, ya auna nauyinta, ya auna danshinta. Duk wanda ya san harkar ya san cewa shansherar da za a jibge a sito bai kamata danshinta ya haura kashi 14 cikin 100 ba, in ba haka ba za ta yi gumi, ta canza launi, ta yi funfuna. Ya lura cewa kayan wani dillali kullum a jiƙe suke zuwa, kuma kullum sai an ce ya rubuta sun cika ƙa'ida. Sai ya rubuta wa manaja 'yar takarda cikin ladabi. Washegari manajan, wanda suruki ne ga mai kamfanin, ya kira shi gaban 'yan dako da direbobi, ya ɗaga takardar sama ya ce, "Kai wa ya tambaye ka? Da digirinka aka gina kamfanin nan?" Aka yi dariya, irin dariyar da mutum kan yi don kada a ga bai yi ba. Bayan wata biyu wani sashe na kayan ya lalace. Aka zaftare albashin duk ma'aikatan sito, har da shi. Bai sake rubuta komai ba. Ya ƙara wata bakwai yana sa hannu a duk abin da aka ce ya sa, sannan ya tafi. Kalmar da ya rufe da ita ce ta hana ni barci: "Malam, ni tun ranar da na daina magana na bar aikin nan. Gangar jikina ce kawai ta ƙara wata bakwai."

Ba zan ambaci sunan kamfanin ba, domin matsalar ta fi ƙarfin kamfani guda. Tun daga wannan rana na riƙa buɗe kunne duk lokacin da na je gida. Na zanta da direban tirela, da makanikin injin casa, da wata baiwar Allah da ta yi aikin kashiya, da leburorin da ke kwasar buntu. Wuraren aikinsu daban-daban ne, amma kukan kusan ɗaya ne. Na shafe fiye da shekara goma sha biyar ina koyar da ilimin gudanar da ma'aikata a jami'a, sai ga shi a gindin darbejiya nake karɓar darasin da ban taɓa bayarwa a aji ba.

Arzikin da ya zo, da waɗanda ke ɗauke da shi

Mai karatu, sanin kowa ne cewa fadamar kogin Haɗeja na cikin manyan rumbunan abinci na Arewa. Daga Auyo zuwa Kafin Hausa, daga Kirikasamma zuwa Guri, shinkafa da alkama da kifi da kayan lambu su ne rayuwar jama'a. A cikin shekaru goma da suka wuce harkar shinkafa ta samu tagomashin da ba ta taɓa samu ba. A Nuwamban 2015 aka ƙaddamar da shirin bai wa manoma rance na Babban Bankin Nijeriya a Jihar Kebbi. A Agustan 2019 aka rufe iyakokin ƙasa na tudu, ba a buɗe ba sai Disamban 2020. A Janairun 2023 Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Auyo ya ƙaddamar da aikin noman rani na kwarin Haɗeja bayan gyara shi da faɗaɗa shi, fili mai faɗin sama da hekta 5,000. Masu jari suka shigo, injunan casa manya da ƙanana suka yawaita, matasan da a da sai sun tafi ci-rani Kano ko Legas suka samu abin yi a ƙofar gida.

Wannan alheri ne, babu mai musu. Sai dai duk lokacin da ake lissafin wannan ci gaba, tan nawa aka casa da buhu nawa aka fitar ake faɗa. Ba a cika tambayar halin mutumin da ke tsaye gaban tukunyar tururi tun asuba ba, ko wanda ke shaƙar ƙurar buntu babu takunkumi, ko matashin da aka ɗauka don iliminsa aka kuma hana shi amfani da ilimin.

Koke-koken da na ji sun taru a wuri huɗu. Na farko, rashin takarda: mutum ya shekara uku yana aiki ana kiransa na wucin-gadi, ba shi da wata shaida a rubuce cewa ma'aikaci ne. Na biyu, son kai wajen ba da muƙami: ɗan ɗakin maigida ko ɗan uwan matarsa shi ne shugaba, ko da bai san bambancin shanshera da tsaba ba. Na uku, wulaƙanci a bainar jama'a, tsawa da zagi da yanke albashi babu bincike. Na huɗu, wanda ya fi sauran ciwo, babu ƙofar da mutum zai ƙwanƙwasa in an zalunce shi, domin wanda za a kai wa ƙara shi ne wanda ake ƙara. Abin lura, ƙarancin albashi yana cikin kukan, amma ba kasafai yake zuwa a farko ba. Tun a 1959 masanin halayyar ma'aikata ɗan Amurka, Frederick Herzberg, ya nuna cewa albashi yana rage ƙorafi ne kawai, amma abin da ke sa mutum ya ba da zuciyarsa ga aiki shi ne a yaba masa, a ba shi amana, a bar shi ya ga ci gaban kansa. Kakanninmu sun riga shi faɗa a taƙaice: shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma.

Rabin barantaka, rabin kamfani

Na daɗe ina neman tushen wannan cuta, kuma ga inda tunanina ya tsaya. A ƙasar Hausa muna da tsohon tsarin aiki tsakanin ubangida da yaronsa. Yaron gida ba ya tambayar albashi, ba ya duba agogo, ba ya ɗaga murya gaban maigida. Amma fa akwai abin da ke kan ubangida, kuma duk gari ya san shi. Shi ne cinsa da suturarsa, shi ne maganinsa in ya kwanta, shi ne zai yi masa aure, ya sayi ragon suna, ya ɗinka masa kayan sallah. Idan ya daɗe yana bauta, a yaye shi da jari ya tsaya da ƙafarsa. Attajirai da dama a Kano da Haɗeja ta wannan hanya suka taso. Ubangidan da ya ci gumin yaronsa ya sallame shi hannu rabbana, gari ne zai hukunta shi da baki, kuma ba zai sake samun yaron kirki ba.

Shi kuma kamfani irin na zamani da nasa tsarin ya zo. Babu ruwansa da aurenka ko sunan ɗanka, amma zai ba ka takardar ɗaukar aiki, ya ƙayyade maka sa'o'i, ya biya ka ladan ƙarin lokaci, ya tara maka fansho, ya bar ka ka shiga ƙungiya, kuma in zai kore ka sai ya bi matakai.

Kowane ɗaya daga cikin tsarin nan biyu yana da nauyi a ɓangarori biyu. Abin da da yawa daga cikin kamfanoninmu suka yi shi ne, sun tsinci abin da ya yi musu daɗi a kowanne, suka watsar da sauran. Daga barantaka sun ɗauki biyayya da sunkuyar da kai da "ranka ya daɗe", suka bar ɗawainiyar. Daga kamfanin zamani sun ɗauki rajistar makara da yankan albashi da kora, suka bar takarda da fansho da ƙungiya. Idan ma'aikaci ya nemi takarda sai a ce, "Haba, ai kai ɗan gida ne, me za ka yi da takarda?" Ranar da matarsa ta haihu ya nemi taimako, sai a ce, "Nan kamfani ne, ba gidan marayu ba." Ya zama jemage, ba ya cikin tsuntsaye, ba ya cikin dabbobi. Wannan zama tsakanin tsari biyu, ba tare da inuwar ko ɗaya ba, shi ne ainihin abin da ke cin ran ma'aikacinmu, ko da bai iya faɗarsa da waɗannan kalmomi ba.

Abin da ya faru a Challawa

Wanda yake ganin na cika baki, ya tuna abin da ya faru a Kano a watan Yunin 2020. Rundunar 'yan sandan jihar ta bayyana cewa ta fito da ma'aikata 126 daga kamfanin shinkafa na Popular Farms da ke rukunin masana'antu na Challawa, waɗanda aka ce sun shafe kimanin wata uku a cikin harabar kamfanin ba tare da an bar su sun je gida ba, a lokacin kullen cutar korona. An kama wasu daga cikin manajojin, kuma kafofin watsa labarai na gida da na waje sun ɗauki labarin. Ma'aikatan sun shaida wa manema labarai cewa an yi musu alƙawarin ƙarin Naira 5,000 a wata, wanda ya ƙi zama kuma ya rasa aikinsa. Asirin bai tonu ba sai da ɗaya daga cikinsu ya kai kuka ga wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan'adam.

Abin da ya fi tsaya mini a rai a wannan labari shi ne lissafin kwanakin. Mutum fiye da ɗari, magidanta masu iyali, a cikin birnin Kano, ga wayoyi a aljihunsu, amma sai da aka kwashe watanni kafin maganar ta fito. Me ya rufe musu baki? Tsoron rasa abin sakawa a bakin salati, da sanin cewa a waje akwai ɗaruruwa da ke jiran gurbinsu. Idan haka ta iya faruwa a Challawa, kusa da ofisoshin gwamnati da gidajen rediyo da lauyoyi, ina ga injin da ke can bayan gari, inda jami'in ƙwadago zai yi wuya ya taka sau ɗaya a shekara?

Doka tana nan, sanin ta ne babu

Abin takaici, yawancin abin da ma'aikatan nan ke roƙo a matsayin alfarma, haƙƙinsu ne a dokar ƙasa. Sashe na 7 na Dokar Ƙwadago ya wajabta wa mai ɗaukar aiki ya ba lebura ko ƙaramin ma'aikaci takarda a rubuce cikin wata uku da fara aiki, mai ɗauke da irin aikin da ladan da sharuɗɗan rabuwa. Sashe na 13 ya tanadi hutun sa'a guda ga wanda ya yi aikin sa'a shida ko fiye, da hutun yini guda a kowane mako. Sashe na 5 ya hana cin tarar ma'aikaci daga albashinsa. Ko asara ya jawo da gangan ko da sakaci, sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago za a cire masa wani abu. Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin shiga ƙungiyar ƙwadago. Dokar biyan diyya ga ma'aikata ta 2010 ta ɗora wa kamfani zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashin da yake biya a asusun NSITF, domin wanda inji ya cinye wa yatsu kada ya koma bara. Dokar fansho ta 2014 ta ce kamfani ya zuba kashi 10, ma'aikaci kashi 8. Akwai kuma Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda ke da reshe a Kano.

Sai dai dokar ma tana da ramuka. A watan Yulin 2024 aka ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000, amma dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin jinga da na lokacin kaka ba. Mai wayo sai ya rubuta mutum ashirin a littafi, sauran tamanin ya kira su 'yan jinga, ya miƙa su hannun wani ɗan kwangila. A takarda bai karya doka ba. A zahiri kuwa ya tara mutanen da babu abin da ya haɗa su da kamfanin sai kuɗin yini.

A nan dole in faɗi gaskiya a kan kaina. Ni malamin jami'a ne, kuma a 2022 ƙungiyarmu ta ASUU ta yi yajin aikin wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Mun sha wuya, amma muna da bakin magana, jaridu suna buga mu, ministoci suna zama da mu. Leburan da ke kwasar buntu ba shi da ko ɗaya. Mu da muka iya rubutu mun cika shafukan jaridu da kukan kanmu, muka manta da na waɗanda suke casa abincin da muke ci.

Shiru ma yana da farashi

A 1970 masanin tattalin arziki Albert Hirschman ya yi bayanin cewa idan al'amura suka lalace a wuri, mutum yana da hanya biyu: ya yi magana, ko ya fice. A wurin da aikin yi ya yi ƙaranci kamar namu, ficewa tana da wuya. Idan kuma aka toshe magana, sai hanya ta uku ta buɗe da kanta, wato mutum ya zauna da jikinsa, ya janye zuciyarsa. Makanike ya ji ƙarar inji ta canza, ya ce ba ruwana. Mai gadi ya ga ana fitar da buhu ta baya, ya kau da kai. Mai auna danshi ya rubuta abin da aka ce ya rubuta. Babu wanda ya yi yajin aiki, babu wanda ya ɗaga kwali, amma kamfani yana zubar da jini ta ciki. Maigida yana zaune a Kano ko Abuja ana aiko masa da rahoton cewa komai lafiya, domin duk wanda zai gaya masa akasin haka an riga an koya masa hankali.

Mu mutanen bakin kogi bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗeja ta canza, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyin ruwa. Ruwan da aka hana bin hanyarsa bai taɓa komawa inda ya fito ba. Taruwa yake yi shiru, sai dare ɗaya ya fasa ta inda ba a zata ba, ya ci gona ya ci gida. Kukan ma'aikaci haka yake. Idan babu magudanar da zai bi ya isa kunnen shugaba, zai fita ta sata, ko ta sakaci, ko ta tafiyar ƙwararru, ko ta hatsarin da aka hango tun da wuri aka rasa mai faɗa.

A kamfanin motoci na Toyota a Japan, an daɗe da sanya igiya a layin haɗa mota, wadda ƙaramin ma'aikaci zai iya ja idan ya ga kuskure, shugaban sashe ya taho da gudu, in ta kama a tsayar da layin gaba ɗaya. Ba tausayi ne ya sa suka yi haka ba, lissafi ne. Sun gano cewa kuskuren da aka kama a minti na farko ya fi arha a kan wanda aka gano bayan mota ta isa kasuwa. Tsohon ɗalibina igiyar ya ja, aka yi masa dariya. Kuɗin shinkafar da ta ruɓe ya fi albashinsa na shekaru.

A ji ta bakin masu kamfani

Adalci ya sa in faɗi nasu uzurin, domin na zauna da wasu daga cikinsu, kuma ba dukkansu azzalumai ba ne. Wutar lantarki ba ta tsayawa, injuna da man dizal suke tafiya. Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar Naira, kuɗin sufuri da na kayan gyara ya ninka. Ruwan bashin banki ya yi tsada. A Yulin 2024 gwamnati ta sanar da ɗage harajin shigo da wasu kayan abinci na kwana 150, ciki har da shinkafar da ba a gama gyarawa ba, abin da ya ƙara matse masu casa na gida. Ambaliyar 2020 da ta 2022 ta cinye gonaki, shanshera ta yi wuya. Wanda ke fama da wannan duka, in ka ce masa ya ƙara albashi, zai nuna maka littafinsa.

Na yarda da wannan. Amma Naira nawa ake kashewa wajen kiran mutum ofis a yi masa faɗa a keɓe, maimakon gaban yaransa? Nawa ne kuɗin takardar ɗaukar aiki? Wane banki ne ya hana a binciki laifi kafin a yanke hukunci? Tsadar dizal ba ta naɗa suruki manaja ba. Mafi yawan abin da ke ƙona ran ma'aikaci gyaransa ba ya cin ko kwabo, girman kai kawai yake ci.

Akwai kuma zargin da na ji daga bakin manajoji fiye da ɗaya, wai yaran yankin nan malalata ne, ba sa son aiki. Wanda ya faɗi haka bai kwana a Haɗeja ba a daminar 2020 ko ta 2022. Na ga matasan nan da idona, cikin dare, ruwa iya ƙugu, suna cika buhuna da ƙasa suna ɗaga jinga don kada kogi ya shigo gari. Babu albashi, babu rajista, babu mai tsawa a kansu. Wanda ya gaji ya miƙa wa na kusa da shi shebur, wanda ya ga inda ruwa ke tsiyaya ya yi kururuwa, kowa ya rugo, ba a tambayi ɗan wane ne ba. Mutanen da suka yi wannan aiki su ne dai ake kira malalata da safe. Bambancin kawai, a bakin jinga sun san abin nasu ne, kuma muryar kowa tana da daraja. Al'adar gayya ba ta mutu a jininmu ba. Shugabanci ne ya kasa tono ta.

Mafita

Ga masu kamfanoni, shawarata ba ta da tsawo. Ku ba kowane ma'aikaci takarda, ko da shafi guda ce, da Hausa, ya san matsayinsa. Ku raba zumunci da muƙami. In dole ne ku taimaki ɗan uwa, ku ba shi jari, kada ku ba shi wuyan mutane. Ku buɗe ƙofar da kuka zai iso gare ku ba tare da ya bi ta hannun wanda ake kuka da shi ba, ko da zama ne sau ɗaya a wata da wakilan da ma'aikata suka zaɓa da kansu. Duk wanda ya ajiye aiki, ku zaunar da shi ku tambaye shi dalili, domin mai tafiya ba ya tsoron faɗar gaskiya. Kuma ku daina kallon ƙungiyar ma'aikata a matsayin abokiyar gaba. Gara ka san abin da ke cikin tukunya tun tana kan wuta.

Ga Gwamnatin Jihar Jigawa, duk kamfanin da za a ba fili ko rangwamen haraji ko wata alfarma, a sa masa sharaɗin nuna takardun ma'aikatansa da shaidar biyan kuɗin diyya da fansho. Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya ta tuna cewa masana'antu sun fara barin manyan birane, jami'anta su bi su. Reshen Ƙungiyar Ƙwadago ta NLC na jiha ya leƙa bayan katangar kamfanoni masu zaman kansu, kada hidimarsa ta tsaya kan ma'aikatan gwamnati. Masarautar Haɗeja, wadda ta saba sulhunta manoma da makiyaya da masunta, tana da kimar da za ta kira attajiri ta yi masa nasiha ya ji. Malamanmu na addini, da suke tunatar da mu haƙƙin maƙwabci da na maraya, su ƙara da haƙƙin ɗan ƙwadago, domin babinsa sananne ne a littattafansu.

Mu kuma malaman manyan makarantu, daga Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa zuwa Kwalejin Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja da Jami'ar Tarayya ta Dutse, lokaci ya yi da za mu daina koyar da gudanarwa da misalan kamfanonin da ɗalibanmu ba za su taɓa gani ba. Mu tura su injin casar da ke bayan makaranta su yi bincike. Mu koya musu dokar ƙwadago kafin su fita, domin a cikinsu akwai ma'aikatan gobe, akwai kuma manajojin gobe.

Ku kuma ma'aikata, haƙƙi yana tafiya da amana. Wanda ke neman a mutunta shi, kada a same shi da buhun kamfani a ɗakinsa. Ku riƙe kwafin duk takardar da kuka sa wa hannu, ku rubuta ranaku, ku yi magana tare, domin tsinke ɗaya ba ya shara.

Kafin in baro Haɗeja na bi ta kasuwar kifi na sami tsohon ɗalibin nawa. Ya ƙirƙiro wa yayansa littafin shiga da fita, ya kuma gano cewa wani kaso na kifinsu yana lalacewa ne saboda ana ɗaure kwali kafin ya gama hucewa daga banda. Ya faɗa, yayan ya ji, aka gyara. Na tambaye shi ko zai koma kamfani in an ninka masa albashi. Ya yi murmushi ya ce, "Malam, a nan in na yi magana ana ji." Kamfanin da ya bari yana nan yana aiki, kuma na tabbata an ɗauki wani a gurbinsa, an miƙa masa na'urar auna danshi. Abin da ban daina tambayar kaina ba shi ne, wannan sabon yaro, ranar da ya ga kaya a jiƙe, zai rubuta takarda, ko an riga an ba shi labarin wanda ya gabace shi?

Allah Ya ba shugabanninmu kunnen sauraro, Ya sa albarka a gumin talaka.